Inda Jirgi Ke Kwana

Shekara ashirin da shida ina jan bas a hanya ɗaya, daga tasharmu zuwa ƙananan garuruwan da ke gabas, in je in dawo sau biyu a yini. A tasha ana kirana Sannu-Sannu, domin ban taɓa yarda allurar mota ta wuce tamanin ba. Ni mutum ne mai tsoro, ba na ɓoyewa. In ƙaramin yaro ya tsaya a bakin titi, tun daga nesa ƙafata ta hau birki.

Hanyar tamu ta bi ta gefen filin jirgin sama, shingen waya ne kawai tsakani. Filin ƙarami ne, jiragen da ke sauka a yini ba su wuce huɗu ba. A cikinsu akwai wani mai farfela biyu da koren wutsiya. Kullum in na dawo daga lodin ƙarshe, rana na shirin faɗuwa, zan gan shi a tsaye, an tokare tayoyinsa, an ɗaure farfelarsa don kada iska ta juya ta. Da sassafe in na fita, yana nan inda na bar shi, raɓa ta jiƙa masa baya. Na saba da shi kamar maƙwabci.

'Ya'yana uku. Manyan biyu maza ne, aiki ya kai kowannensu nesa, sai dai waya. Auta ce kaɗai mace, ita ce kuma ta zo mana da abin da ba mu taɓa tsammani ba. Ta ci wata jarrabawa, aka ɗauki nauyin karatunta a makarantar koyon tuƙin jirgi. Shekara biyu da ta yi a can ban san barci mai daɗi ba. Ko ƙarar jirgi na ji sai na ɗaga kai sama. Abin da ya riƙe ni ɗaya ne: in ta gama za ta dawo gida, in riƙa ganinta da idona kowace rana, in san ta sauka lafiya.

Wata biyu da gamawarta, wata Asabar da hantsi, ta ajiye takardu biyu a kan teburin falo. Mamanta na gefe tana tsintar shinkafa.

"Baba, kamfani biyu ne suka kira ni. Kwana goma suka ba ni in zaɓa."

Na ɗauki takardun na juya su na ajiye. Karatuna bai kai na wasiƙar ofis ba.

"Yi min bayani da bakinki."

Ta ɗora yatsa a kan ta farko. "Wannan na nesa ne, awa huɗu a sama kafin a kai. Suna ta sayen sababbin jirage, don haka ana saurin ci gaba. In Allah ya yarda, shekara huɗu in koma kujerar hagu."

"Wace ce kujerar hagu kuma?"

"Ta kyaftin. Ni yanzu ta dama zan zauna, mataimakiya."

"Karen mota ke nan," in ji mamanta ba tare da ta ɗago ba. "Duk karatun nan ashe karen mota muka haifa."

Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ci gaba: "Kwana ashirin ina aiki, sannan hutun kwana goma a jere, su ba ni tikiti in taho gida."

Gaskiya ita ce, a cikin duk maganar nan abu biyu kawai suka shiga kunnena: awa huɗu a sama, da kwana ashirin.

"Ɗayan fa?"

Ta taɓa takarda ta biyu. "Mai koren wutsiya ne."

"Namu?"

"Ba namu ba ne, Baba. Mazauninsu a babban birni yake, can ma'aikatansu suke zaune."

"Jirgin da nake gani da idona yana kwana a garin nan?"

"Jirgin ne ke kwana. Matuƙan kuwa..."

"Ke Auta, ni za ki koya wa harkar tuƙi? Mota ba ta kwana sai a gidanta. Inda mota ta kwana, nan direbanta yake. Ko an fara ajiye mota a wani gari direba ya je wani gari ya kwanta?"

"Ba haka tsarin yake ba."

"To, na ji. Ni ban ce komai ba. Zaɓi naki ne."

Haka na faɗa, kuma har yau in aka tambaye ni zan iya rantsewa ban taɓa ce mata ta ɗauki wannan ta bar wancan ba.

Washegari na kai maganar tasha. Kamashonmu, wanda ke tsara layin lodi, mutum ne da ba a taɓa tambayarsa abu ya ce bai sani ba. Yana zaune a kan benci da littafin layi a cinyarsa.

"Haba Sannu-Sannu, wannan ma abin tambaya ne? Jirgi da mota duk Allah ɗaya ne ya yi su. Wanda ya kashe injin da yamma shi zai tayar da shi da safe. A ina zai kwana? A kan bishiya?"

"Ta ce wai mazauninsu a birni yake."

"Ofis ke nan. Mu ma ai ofishin ƙungiyarmu a birni yake. Ka taɓa kwana a can? Yaran zamani ne, so suke su yi nesa da idon iyaye. Ka riƙe 'yarka, malam."

Na koma gida da ƙarfin gwiwa. A hanya na tsaya na sayi galan biyu na fenti.

Ɗakin Auta na ƙarshen baranda, tagarsa na kallon titi. Na fitar da komai, na kankare bango, na toshe inda ya tsage. Na ji an ce matuƙan jirgi wani lokaci da rana suke barci, sai na sa tela ya ɗinka labule mai kauri wanda haske ba ya ratsawa. Na kafa ƙarfe a bango inda za ta rataye kayan aikinta kada su yamutse. Na sauya fankar da ke ƙara. Kwana huɗu ban yi lodin yamma ba.

Ran na biyu ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ina kan tsani.

"Baba, ka ba ni minti biyu."

"Ina jin ki. Miƙo min tsumman can."

Ta miƙo. Ta fara bayani a hankali, kamar mai karanta wa yaro darasi. Ta ce masu kawo jirgin da yamma baƙi ne a garin, yau wasu gobe wasu. Ta ce kamfanin ƙarami ne, jiragensa shida, kyaftin-kyaftin ɗinsa ba sa tafiya ko'ina, ba a ƙara jirgi, don haka na ƙasa yana daɗewa a ƙasa. Ta yi maganar ranakun hutu.

Na ja baya na dubi bangon. "Wannan kalar ta yi miki, ko a ƙara fari?"

Ta dubi bangon. Can ta ce, "Ta yi, Baba."

Da ta fita mamanta ta leƙo. "Malam, yarinyar nan magana take maka fa."

"Na ji ta."

"Ba ka ji ba. Kunnenka ka baro a tasha wajen Kamasho."

"Ke ba kya son ta zauna kusa da mu?"

"Ina so. Amma ita ta je makarantar, ba kai ba."

Ran na tara cikin kwana goman da aka ba ta, da safe muna shan shayi, Auta ta ce, tana kallon kofinta, "Na amsa wa mai koren wutsiya."

Ranar na kai casa'in a hanya. Fasinjojin da suka san ni suka riƙa tambaya ko lafiya.

Ta tafi birni horo na wata huɗu. Birnin awa tara ne a mota daga garinmu. Ban damu ba, na ce horo ne, yana ƙarewa. Kowace Juma'a ina buɗe ɗakin in share, in kunna fankar ta ɗan juya.

Sai ga waya: ranar Talata ita za ta kawo jirgin yamma.

Mamanta ta shiga kicin tun azahar. Ni na wanke bas ciki da waje, na ƙi ɗaukar lodin ƙarshe, na sa rigata mai kyau. Ƙarfe biyar muna ƙofar fitowar fasinja. Na ga jirgin ya leƙo daga gabas, ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, tayoyinsa suka taɓa kwalta da ɗan hayaƙi. Sai da mamanta ta ce in sake mata hannu na san ina matse da shi.

Fasinjoji suka gama fita. Can sai ga su su huɗu suna jan ƙananan akwatuna, Auta a cikin farar riga mai zane biyu a kafaɗa. Ta rungume mamanta, ta rusuna ta gaishe ni. Na kai hannu zan karɓi akwatin.

"Baba, motar otal na jiranmu."

"Wane otal? Ga mota na zo da ita."

Kyaftin ɗin ya matso, dattijo mai furfura da fara'a. Ya miƙo min hannu biyu.

"Direban ƙasa, direban sama na gaisuwa. 'Yarka tana da hannu, ka ga saukar nan? Ita ta yi, ni kallo na yi."

"Mun gode, ranka ya daɗe. Gida zan kai ta, da asuba in dawo muku da ita. Ni ba na makara, a tambayi kowa."

Fara'arsa ta ragu, amma bai saki hannuna ba. "Abokina, ba a hannuna yake ba. Doka ta ce sai ta huta awa goma cur, a wurin da kamfani ya sani, waya a kusa. Ƙarfe huɗu da rabi mota za ta ɗauke mu. In na ba ka ita, gobe wani abu ya faru, ni da kai da ita duk sai mun yi bayani."

"Amma gidan ubanta ne."

"Na sani. Ni ma ƙanwata na garin nan, shekara bakwai ina kwana a nan ban taɓa kwana a gidanta ba. Ku biyo mu, na ba ku rabin awa."

Muka bi motarsu a baya, bas mai cin mutum goma sha takwas da mu biyu a ciki. A zauren otal ɗin, a kan wasu kujeru masu sanyi, mamanta ta buɗe kular abinci a kan cinyarta. Auta ta ci loma biyar ko shida tana hamma, tana duba agogo. Wani ma'aikaci ya zo ya ce ba a shigo da abincin waje, mamanta ta ce masa, "Ɗan nan, je ka gaya wa mai otal ɗin ya zo ya ɗanɗana, in nasa ya fi sai in kwashe." Ya tafi bai dawo ba.

Da muka fito na duba agogo, na sake dubawa a ƙofar gida. Minti goma sha biyu ne tsakanin otal ɗin da ɗakin da na yi wa fenti.

Mamanta ta ɗauki kularta ta wuce ciki. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Na lallashi kaina da cewa ko rabin awa ne ai ana ganin juna. Sau biyar aka yi haka. Daga nan kamfani ya sauya tsari, aka ce fasinjan safe ba ya cika jirgi, aka daina kwana. Jirgin ya koma sauka ƙarfe biyu da minti goma na rana, ya tashi biyu da talatin da biyar. A cikin minti ashirin da biyar ɗin nan a sauke kaya, a sha mai, a ɗauki wasu. Matuƙa ba sa ko shigowa cikin ginin.

Hutunta kuwa a warwatse yake zuwa, yau kwana ɗaya, bayan mako kwana biyu. Wasu ranakun kuma na ko-ta-kwana ne: ba ta aiki, amma dole ta zauna kusa da filin jirgin birni, in an kira ta ta isa cikin awa ɗaya. Wanda ke da hutun kwana biyu ba ya yin tafiyar awa tara zuwa, awa tara komawa. Ta gwada sau ɗaya, ta iso a gajiye, ta yi barci, ta tashi ta koma. A wata goma sha huɗu, sau uku ta kwanta a ɗakin nan.

Sai na gyara lodina yadda ƙarfe biyu za ta same ni a gefen shinge. Mamanta ke gaya min ranakun da Auta ke biyowa ta garinmu. In na iso sai in faka, in fito in zagaya ina bubbuga taya. In jirgin ya leƙo in ɗaga jan tsumman da nake goge gilashi da shi, in yi ta kaɗawa har ya sauka ya juya. Ba na ganin kowa, gilashin gabansa ƙarami ne, rana kuma na dukansa. Amma ina kaɗawa.

Akwai wata tsohuwa mai sayar da sabulu da ke bina kusan kullum. Wata rana ta leƙo ta taga ta ce, "Direba, wai ita tayar nan ba ta tashi ciwo sai a nan? Ka kai ta asibiti mana, sabuluna na narkewa."

Motar ta ɗauki dariya. Na ce mata 'yata ce ke tuƙa wancan. Ta dubi jirgin, ta dube ni, ta ce, "To kaɗa da kyau." Ba ta ƙara yin ƙorafi ba.

Wata Alhamis wata doguwar yarinya ta shiga gaban mota kusa da ni. Muna barin tasha ta ce, "Baba, ba ka gane ni ba? Doguwa ce, ƙawar Auta, tare muka yi makarantar jirgi. Na taɓa kwana a gidanku."

Na gane ta. Iyayenta na ɗaya daga cikin garuruwan da nake zuwa. Muka gaisa, na tambaye ta aiki.

"Alhamdu lillahi. Ai Auta ce silar arzikina. Da ta ƙi zuwa kamfanin can na nesa, ni ce ta gaba a jerin, aka ba ni gurbinta."

"Allah sarki. Kin zo ganin gida ke nan. An daɗe?"

"Wane daɗewa, Baba? Kowane wata kwana goma nake yi a gida. Mamata har ta gaji da ni, ta ce in ba aure zan yi ba in nemi aikin da ke riƙe mutum." Ta yi dariya. "Baɗi ma za a fara yi mana horon kyaftin. Kullum ina ce wa Auta ban san me ya shiga kanta ba. Ita ce ta ɗaya a ajinmu fa."

Ban san yadda na kai motar nan ba. Na wuce filin jirgi ban tsaya ba, na wuce inda tsohuwar ke sauka sai da ta buga jikin mota. Kwana goma kowane wata. Auta ta faɗa min wannan da bakinta a falo, ina zaune, ina kallonta.

Da yamma na kira ta.

"Ki ajiye aikin nan, ki koma wancan na nesa. Na yarda. Ni na ce."

Ta ce, "Baba, in direba ya bar tasharku ya koma wata, a ina Kamashon can zai rubuta sunansa?"

"A ƙarshen layi."

"Ko ya shekara ashirin yana tuƙi?"

"Ko ya shekara hamsin. Layi layi ne."

"To mu ma haka ne. Ranar da ka shiga kamfani ake ba ka lamba, da ita ake raba komai, hutu da hanya da kujera. In ka fita ta mutu. Su can sun rufe ɗauka, sun cika. Ko sun buɗe, a bayan ɗaliban Doguwa zan tsaya."

"A nan ɗin ke ta nawa ce?"

"Ta sittin da ɗaya."

"A cikin nawa?"

"Sittin da huɗu."

Wannan kam na gane shi sarai, ba sai an maimaita min ba. Da tun farko da yaren tasha ta yi min magana... amma a'a, ta yi ko ba ta yi ba, ba saurare nake ba.

Kwana uku ina yawo a gida kamar mara lafiya. Na ce wa mamanta maganar nan ba ta waya ba ce, ina so in ga fuskar yarinyar in roƙe ta gafara, amma ko na yi awa tara zuwa birni ba lalle in same ta a ƙasa ba.

"To ka shiga jirgin nata mana," in ji ta. "Ai nan ne kaɗai ka tabbata tana ciki."

Gatse ta yi min, ta san ko tsani mai tsawo ba na so. Amma ranar Litinin, ranar da Auta ke biyowa, na ba wani motata, na sa rigata mai kyau, na yanki tikiti.

Cikin jirgin bai kai faɗin da nake zato ba, kamar bas uku ne aka haɗa. Ƙofar matuƙa a rufe take, ba ko 'yar taga. Wata ma'aikaciya ta ɗaura min bel. Da farfela ta fara juyawa na karanta duk addu'ar da na sani, na koma farko. Na ji ya kwasa a guje, gudun da ban taɓa yarda wata mota ta yi da ni ba, sannan ƙasa ta sake mu. Na rufe ido.

Can sama, bayan ya daidaita, lasifika ta yi ƙara.

"Jama'a barkanku da rana, mataimakiyar kyaftin ce ke magana."

Muryar da ke ce min shayi ya huce ce. Ta faɗi tsawon da muke, ta ce minti hamsin za mu yi, ta ce za a ɗan ji girgiza gab da sauka amma ba abin damuwa ba ne. A natse take magana, ba gaggawa, kamar wadda aka haifa a wurin.

"To, Auta," na ce da ƙarfi ban sani ba.

Mutumin da ke kusa da ni ya dube ni ya matsa.

Da muka sauka kowa ya tashi ya fita, ni na ci gaba da zama a kujerata. Ma'aikaciyar ta zo ta ce, "Baba, an iso fa." Na ce mata ta taimaka ta gaya wa mai kujerar dama ubanta na nan. Ta zaro ido, ta tafi da sauri ta ƙwanƙwasa ƙofar.

Auta ta fito da takarda a hannu. Ta rame. Ta tsaya tana kallona kamar ta ga wanda ya mutu ya dawo.

"Baba! Kai ne a jirgi? Mama lafiya?"

"Lafiyarta lau. Zauna."

"Minti talatin gare mu, za mu sake tashi. Sai na zagaya jirgin na duba."

"Biyar kawai nake so."

Ta zauna a kujerar da ke tsallaken tawa. Masu shara sun riga sun shigo ta baya suna tattara kofuna. Duk maganar da na shirya a kwana uku ta gudu.

"Na haɗu da Doguwa," na ce. "Auta, ni na cuce ki. Na ɗauka jirgi kamar mota ne. Ban gane ba, ke ma da kin san haka abin zai zama..."

"Na sani, Baba."

"Kin san me?"

"Duka. Otal ɗin, da hutun, da lambar. Tun kafin in sa hannu na tambayi waɗanda ke ciki."

"To don me ba ki faɗa min ba?"

"Na faɗa. Kana kan tsani."

Na sunkuyar da kai. Wani mai shara ya ce in ɗaga ƙafa, na ɗaga.

"Kin sani, kuma kika ɗauka?"

Ta naɗe takardar hannunta ta warware. "Yayyena sun tafi ba ka yi wa ɗakin kowa fenti ba. Na tsaya a ƙofar ɗakin na ga ka sayi labule, ka auna inda rigata za ta rataya. Na yi ta neman bakin da zan ce maka awa huɗu zan tafi, ban samu ba. Na ce wataƙila in ina biyowa ta garin ko yaya ne zai ishe ka."

"Shekara nawa kafin ki koma hagu?"

"A yadda ake tafiya, goma. Ko sha biyu."

"Doguwa baɗi."

"Na sani. Ni na fara taya ta murna."

Ba ta yi kuka ba, ni ne na yi, a gaban masu shara. Ta bari na gama. Daga gaba wani ya kira ta, ta ce tana zuwa.

"Na yafe, Baba, in ma akwai abin yafewa. Hannuna ne ya sa hannu. Amma tun da ka zo, akwai abin da na daɗe ina so in roƙe ka, na kasa a waya."

"Faɗi. Ko mene ne."

"Ka daina tsayawa a bakin shinge."

Na dube ta.

"Ina ganinka," ta ce. "Tun daga nesa nake hango motar da jan tsumman. Daidai lokacin ne bai kamata idona ya bar gabana ba ko na daƙiƙa ɗaya, kuma kullum sai na duba. Ranar da ba ka nan ma sai na duba, in yi ta tunanin ko lafiya. Makon jiya na sauka da ƙarfi, kyaftin ya tambaye ni me nake kallo. Mutum hamsin ne a bayana, Baba."

Da wani ne zai iya yin gardama. Ni direba ne. Na san abin da waiwaye ɗaya ke yi a kan kwana.

"To," na ce.

"Kada ka ji haushi."

"Ban ji ba. Gaskiyarki ne."

Ta kwance min bel ɗin, ta riƙe hannuna muka sauko matakalar. Iskar wurin zafi gare ta, ga warin mai. Ta nuna min motar da ke kai fasinja cikin gini, ta ce in na isa gida in kira ta, ta sa wata riga mai ƙyalli a kan farar, ta nufi ƙarƙashin fiffike. Ta tagar motar na ga ta durƙusa a gaban taya tana shafa ta da tafin hannu, ta miƙe ta ɗaga kai tana duba farfela ɗaya bayan ɗaya. Na jira ko za ta waiwayo. Aikinta take yi.

Ban iya sake shiga jirgi ba. Na tambayi hanyar tasha, na sami motar garinmu saura mutum uku ta cika, na zauna a kujerar baya kusa da buhunan wani. Muna jira wayata ta yi ƙara.

"Ka gan ta?" in ji mamanta.

"Na gan ta."

"Ta rame ko?"

"Kaɗan."

"Kun yi maganar? Me ta ce? Yaushe za ta zo?"

Direban ya shigo ya tayar da mota, yaro ne, ya fisge ta tun kafin a rufe ƙofa da kyau. Ban ce masa ya rage ba.

"Malam, kana jina? Na ce yaushe za ta zo?"

"Sai na iso," na ce. "Hanyar da nisa."